Dokar da ta tilasta wa biranen Kalifoniya faɗin gidajen da suka bari aka gina

Ranar 1 ga Afrilun kowace shekara, doka ta wajabta wa kowane birni da kowace gunduma a jihar Kalifoniya ta Amurka su miƙa wa gwamnatin jiha rahoto a kan gidaje. A cikin rahoton ake bayyana yawan buƙatun gini da aka shigar a shekarar da ta gabata, da waɗanda aka amince da su, da waɗanda aka ba takardar izinin gini, da waɗanda aka kammala har suka isa a tare a cikinsu, sannan a fayyace guda nawa ne mai ƙaramin albashi zai iya biyan hayarsu ko ya saya. Ma'aikatar gidaje da raya al'umma ta jihar, wadda aka fi sani da HCD, ita ke karɓar rahotannin, kuma tana baje su a intanet yadda ɗan jarida ko ɗalibi ko mai haya zai iya buɗewa ya ga abin da birninsa ya yi, fili bayan fili. Wanda ya ji wannan bayani zai ɗauka aikin akawu ne kawai, amma a ganina yana cikin abubuwa mafi muhimmanci da jihar ta yi a kan matsalar tsadar muhalli. Muhimmancin nasa kuwa bai fito daga ƙidayar ita kaɗai ba, ya fito ne daga abin da ke biyo bayan birnin da alƙalumansa suka gaza.

Kafin a je nan, ya kamata a san abin da ake nufi da gida mai rahusa a can, domin kalma ce da doka ta yi wa iyaka. Gida yana da rahusa idan abin da iyali ke kashewa a kansa bai wuce kashi 30 cikin 100 na kuɗin shigarsu ba. Su kuma iyalan ana kasa su bisa matsakaicin kuɗin shiga na yankin da suke zaune: masu samun rabin matsakaicin ko ƙasa da haka, da masu samun kashi 50 zuwa 80, da masu samun kashi 80 zuwa 120, sai waɗanda suka haura hakan. Tunda ma'aunin yana bin yanki, wanda ake kira mai ƙaramin ƙarfi a wani wurin zai ba mai karatu mamaki. A shekarar 2018, iyali mai mutum huɗu da ke samun dala 117,400 a shekara a San Faransisko yana cikin masu ƙaramin ƙarfi a lissafin gwamnatin tarayya. Wato malaman makaranta da ma'aikatan jinya da direbobin motocin haya na birni duk maganar ta shafe su.

Tushen dokar ya daɗe. Tun 1969 Kalifoniya ta wajabta wa ƙananan hukumominta su sa tsarin samar da gidaje a cikin babban tsarin raya garuruwansu. Daga baya aka kafa tsarin rabo: jiha ta ƙiyasta yawan gidajen da kowane yanki ke buƙata, majalisar ƙananan hukumomin yankin ta raba adadin a tsakanin birane, kowane birni ya nuna filayen da za a iya gina kasonsa a cikin wa'adi, wanda yanzu yawanci shekara 8 ne. Rahoton shekara-shekara shi ne ya kamata ya nuna ko ana tafiya daidai. Sai dai an shafe shekaru da dama birane da yawa ba sa aika shi, waɗanda ke mulkin kansu bisa kundin dokarsu na musamman, su fiye da ɗari, ba a ma wajabta musu ba, kuma wanda ya ƙi aikawa babu wani abin a zo a gani da ke samunsa. Shi kansa rabon ya kan zama abin dariya. A zangon da ya fara a 2013, kason da aka ba Beverly Hills, garin attajirai da taurarin fim da ke tsakiyar yankin Los Anjeles, gida uku ne cak na tsawon shekara takwas.

Akwai wani darasi da ya gabaci wannan, wanda ba a cika tunawa da shi ba. A da, hukumomin sabunta birane na jihar suna karɓar wani kaso na harajin kadarori, kuma doka ta ce su ware kashi 20 cikin 100 domin gidajen masu ƙaramin ƙarfi. A 2007 majalisa ta yi doka mai lamba AB 987 da ta umarce su su tattara jerin gidajen rahusa da aka samar da kuɗin, su sa a intanet. Amma binciken da jaridar Los Angeles Times ta wallafa a 2010 ya gano cewa aƙalla garuruwa 120 sun kashe kimanin dala miliyan 700 daga asusun gidajen tsakanin 2000 da 2008 ba tare da sun gina sabon gida ko ɗaya ba. Rahotanni suna nan a rubuce, babu dai wanda aikinsa ne ya karanta ya ɗauki mataki. A 2012 aka rushe hukumomin baki ɗaya saboda matsin kasafin kuɗin jiha, kuɗin gidajen ma ya tafi tare da su.

Sauyin gaske ya zo ne a watan Satumban 2017, lokacin da Gwamna Jerry Brown ya sa hannu a kan dokoki 15 da suka shafi gidaje a rana ɗaya. A cikinsu aka faɗaɗa wajibcin rahoton ya haɗa da biranen da a da aka ɗauke wa, aka ƙara yawan bayanan da za a cike, aka kuma ba ma'aikatar gidaje ikon miƙa birnin da ya saɓa doka ga babban lauyan jiha. Wadda ta fi tasiri ita ce SB 35, wadda Sanata Scott Wiener na San Faransisko ya gabatar. Abin da ta tanada shi ne, idan alƙaluman birni suka nuna bai ba da izinin gina kasonsa ba, ko kuma bai aiko da rahoton ba sam, to ya rasa wani ɓangare na ikonsa na ƙin amincewa da gini. Duk maginin da ya zo da tsarin da ya dace da ƙa'idojin da birnin da kansa ya rubuta, ya kuma ware kason gidajen rahusa da doka ta gindaya, kashi 10 ko kashi 50 cikin 100 gwargwadon inda birnin ya gaza, dole a ba shi izini cikin ƙayyadadden lokaci, ba tare da jerin tarurrukan jin ra'ayin maƙwabta da kan ci shekaru ba. A farkon 2018 ma'aikatar ta fitar da lissafinta na farko, sai aka ga cewa a cikin birane da gundumomi 539, guda 13 ne kaɗai suka tsira daga wannan hukunci.

A Cupertino, garin da hedikwatar kamfanin Apple take, aka ga abin da hakan ke nufi a aikace. Akwai wata tsohuwar kasuwar zamani mai suna Vallco da ta mutu, an yi shekaru ana jayayya a kan abin da za a yi da filinta, mazauna gari suna ƙin duk tsarin da aka kawo. A 2018 mai filin ya bi ta hanyar SB 35 da tsarin gidaje fiye da 2,400, rabinsu na rahusa, hukumar garin kuma ta ga ba ta da hujjar doka ta ƙi. An kai ƙara kotu, kotu ta tabbatar da izinin. Aikin ya ci gaba da jan ƙafa bayan haka, an kuma sake fasalinsa, don haka ba zan kawo shi a matsayin labarin nasara mai tsabta ba. Abin da ya nuna dai shi ne lambar da akawun gari ya cike a takarda ta isa ta sauya wanda ke da ta cewa a kan fili mai darajar ɗaruruwan miliyoyin daloli. Daga wannan lokaci ya yi wuya birni ya ɗauki rahoton a matsayin takardar da ake cikewa idan an samu sarari. A 2023 aka tsawaita dokar zuwa 2036.

Idan aka kwatanta wannan da wata dokar bayanai da ta biyo baya, za a ga bambancin sarai. A 2019 Gwamna Gavin Newsom ya sa hannu a kan AB 1483, wadda ɗan majalisa Tim Grayson ya kawo. Ta umarci birane su wallafa a shafukansu na intanet jadawalin duk kuɗaɗen da suke karɓa daga mai son gini, da ƙa'idojin rabon filaye, da sharuɗɗan ware gidajen rahusa, da binciken da aka dogara da shi wajen yanke kuɗaɗen, su kuma sabunta bayanan cikin kwana 30 idan wani abu ya sauya. Dalilin dokar a fili yake. Masu bincike a cibiyar Terner ta Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley sun nuna a 2018 cewa kuɗaɗen nan sun bambanta ƙwarai daga gari zuwa gari, har a Fremont sukan haura dala 150,000 a kan gida ɗaya na iyali, kuma sau da yawa magini ba ya sanin jimillar abin da zai biya sai aiki ya yi nisa. Babban kamfani yana da lauyoyi da masu ba da shawara da suka san kowane ofis, amma ƙungiyar sa-kai mai son gina gidaje 40 ga tsofaffi ba ta da wannan gata. Dokar tana da kyau, sai dai ba a haɗa ta da hukunci irin na SB 35 ba, kuma nazarin da ƙungiyar SPUR mai bibiyar tsarin birane ta yi a 2021 ya nuna garuruwa da yawa ba su cika abin da aka umarce su ba. A shekarar 2019 ɗin dai aka yi wasu dokokin da suka sa birane su riƙa bayyana filayen gwamnati da ba a amfani da su, su kuma fara tallata su ga masu gina gidajen rahusa kafin su sayar wa wani.

Da lamba ta zama abin da ake hukunci da shi, sai rigima ta koma kan abin da ake ƙirgawa. A sabon zangon rabo, wanda ya fara a 2021 a kudancin jihar, a 2023 kuma a yankin San Faransisko da kewaye, an ɗora wa kudancin gidaje kusan miliyan 1.34, yankin San Faransisko kuma 441,176. Birnin San Faransisko shi kaɗai ya samu 82,069, Beverly Hills kuwa ta tashi daga uku zuwa sama da 3,000. Jimillar burin jihar ita ce gidaje miliyan 2.5 kafin 2030, miliyan ɗaya daga ciki na masu ƙaramin ƙarfi. Ganin haka, wasu garuruwan suka shiga neman dabaru. Akwai masu jera filayen da kowa ya san ba za a taɓa ginawa ba, kamar harabar kasuwar da ke cike da ciniki ko filin da mai shi bai taɓa tunanin sayarwa ba, domin a ga lissafinsu ya cika a takarda. Akwai garuruwan attajirai da suka dogara da ƙananan sassan da ake ginawa a bayan gida, suna ƙirga su a matsayin gidajen rahusa, alhali babu yarjejeniyar da ta ɗaure mai gida ya ba talaka haya, kuma sashen zai iya zama masaukin baƙi ko ɗakin aiki ko wurin zaman suruka. Wanda ya fi ban dariya shi ne garin Woodside, wanda a farkon 2022 ya yi ƙoƙarin kauce wa wata dokar da ta halatta raba fili gida biyu da hujjar cewa garin duka mazaunin zakin dutse ne da doka ke karewa. Babban lauyan jiha Rob Bonta ya aika musu da gargaɗi, cikin 'yan kwanaki suka janye.

Wannan ne raunin da ke tattare da duk tsarin da wanda za a hukunta shi ne mai kawo shaida, kamar an ba kura ajiyar nama. Maganin da jihar ta samo shi ne ta rage dogaro da jimilla, ta nemi bayani dalla-dalla. Yanzu kowane gini da aka ba izini ana shigar da shi da adireshinsa da lambar filinsa, idan kuma an ce na rahusa ne, a faɗi ko akwai yarjejeniyar da aka yi wa rajista a kan kadarar, in babu a bayyana hujjar da aka dogara da ita. Wannan ya ba masu fafutuka da 'yan jarida damar zuwa su tsaya a gaban filin su ga ko gaskiya ne. A 2021 ma'aikatar ta kafa sashe na musamman mai bibiyar biranen da suka saɓa doka. Ita ma jihar ba ta tsira daga bincike ba, domin a watan Maris na 2022 mai binciken kuɗi na jiha ya gano kurakurai a yadda ma'aikatar ta ƙiyasta buƙatun wasu yankuna, a Afrilun 2024 kuma ofishin ya bayyana cewa an kashe kimanin dala biliyan 24 cikin shekara biyar a kan matsalar marasa matsuguni ba tare da an riƙa bibiyar sakamakon yadda ya kamata ba. Gwamnatin da ke neman lissafi daga birane ita ma ana binta nata lissafin.

Biranen suna da ƙorafin da bai kamata a yi watsi da shi ba. Suna cewa su ba magina ba ne, izini kawai suke bayarwa, kuma idan kuɗin ruwa a banki ya hau ko kayan gini suka yi tsada, kamfanoni za su daina neman izinin, sannan a zo a hukunta gari a kan abin da ba shi ya jawo ba. Gidajen masu ƙaramin ƙarfi kuwa ba sa tashi sai da tallafin gwamnati, kuma a 2022 an ruwaito cewa wasu ayyukan a arewacin jihar sun kai dala miliyan ɗaya a kan kowane gida guda. Ƙaramin gari mai ma'aikacin tsare-tsare ɗaya ko biyu yana cike takardu iri ɗaya da Los Anjeles. Na yarda da mafi yawan wannan. Inda na rabu da su shi ne, hukuncin SB 35 bai ci tarar gari ko sisi ba, abin da ya ƙwace kawai shi ne ikon hana wanda ya zo da kuɗinsa da tsarin da ya bi ƙa'ida. Idan da gaske kasuwa ce ta hana gini, babu wanda zai zo, garin kuma bai yi asarar komai ba. Garin da hukuncin ke yi wa zafi shi ne wanda magina ke ƙwanƙwasa ƙofarsa yana ƙin buɗewa. Huntington Beach, wadda aka ba kason gidaje 13,368, ta ƙi amincewa da tsarin gidajenta gaba ɗaya, jiha ta maka ta a kotu a 2023, kotu kuma ta yanke cewa garin ya saɓa doka.

Faransa ta riga Kalifoniya gane wannan. Dokar da aka yi a watan Disamban 2000 ta wajabta wa garuruwan da suka kai wani adadin jama'a a manyan yankunan birane su kai kashi 20 cikin 100 na gidajen gwamnati masu rahusa, a 2013 aka ɗaga zuwa kashi 25 ga yawancinsu. Kowace shekara wakilin gwamnatin tsakiya a lardi yana ƙirga gidajen, garin da ya gaza ana zare masa kuɗi daga kasonsa, wanda ya yi taurin kai kuma ana iya ninka masa har sau biyar. Duk da haka akwai garuruwan masu hannu da shuni da suka gwammace biyan tarar shekara da shekaru, abin da ke nuna cewa ƙwace ikon hanawa ya fi tarar kuɗi tasiri a wurin da kuɗi ba matsala ba ne. A Najeriya kuwa maganar ba ta ma kai nan ba. An shafe shekaru ana maimaita cewa ƙasar na da giɓin gidaje miliyan 17, har Babatunde Fashola lokacin yana ministan ayyuka da gidaje ya fito ya ce adadin ba shi da tushe, kuma rabon da a yi ƙidayar jama'a da gidaje tun 2006.

Ɓangaren da nake ganin Kalifoniya ta bari a baya shi ne na mai neman gidan. Kusan duk bayanan da na ambata an tsara su ne domin jiha ta sa ido a kan birni, ko magini ya san abin da zai biya. Matar da ke aikin wanki a otal, wadda haya ke cinye rabin albashinta, tambayarta dabam ce: ina gidajen suke, wanne ne ke karɓar sunaye yanzu, kuma albashinta ya dace da sharaɗinsa? A al'adance kowane gini mai rahusa yana da nasa jerin masu jira, da nasa fom, da nasa lokacin buɗewa, mai nema kuma sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya ta waya ko da ƙafa, a lokacin da ya kamata yana wurin aiki. Girman buƙatar ya bayyana a watan Oktoban 2022, lokacin da hukumar gidaje ta Los Anjeles ta buɗe rajistar tallafin haya karo na farko cikin shekara biyar, mutum sama da 200,000 suka nemi gurbi 30,000 a jerin masu jira kawai. San Faransisko ta samar da shafi guda mai suna DAHLIA inda ake ganin gidajen da aka buɗe a nema a wuri ɗaya, a kuma raba ta hanyar ƙuri'a, a 2023 kuma aka ƙaddamar da makamancinsa mai suna Doorway domin gundumomi tara na yankin. Waɗannan yunƙuri ne na gari da yanki. Da ni ne mai rubuta doka ta gaba, zan sa ya zama sharaɗi cewa duk ginin da ya ci tallafin gwamnati ko sassaucin ƙa'ida sai ya sanar da kowane gurbi da ya buɗe a shafi guda na jama'a, cikin harsunan da mazauna ke ji, domin a Kalifoniya mai magana da Sifaniyanci ko Sinanci ko harshen Biyetnam ba baƙo ba ne.

Akwai kuma gidajen da ake rasawa a ɓoye. Rahusar gida ba ta har abada ba ce, yarjejeniya ce mai wa'adi. Shirin rangwamen haraji na tarayya da aka kafa a 1986, wanda shi ne ke ɗaukar nauyin mafi yawan gidajen haya masu rahusa a Amurka, yana ɗaure mai gini na shekara 30, Kalifoniya kuma ta ƙara nata zuwa 55 ga sabbin ayyuka. Gine-ginen da aka yi a shekarun baya da gajeren wa'adi suna kaiwa ƙarshensa ɗaya bayan ɗaya, mai gini kuma yana da damar mayar da haya farashin kasuwa. Birni zai iya yin alfahari da gidaje 200 da ya ba izini alhali 300 na dab da fita daga tsarin a wata unguwar. Doka ta wajabta wa kowane birni ya lissafa a cikin tsarin gidajensa gine-ginen da wa'adinsu zai ƙare cikin shekara 10, ta kuma wajabta wa mai gini ya sanar da masu haya da hukumomi tun saura shekara uku, ya maimaita idan saura wata 12, ya sake idan saura wata shida. Wata doka daga cikin na 2017 ta ƙarfafa damar da ƙungiyoyin masu haya da ƙungiyoyin sa-kai da hukumomin gwamnati ke da ita ta taya ginin kafin ya fita daga tsarin, kuma shekara ukun nan ita ce lokacin da suke da shi na haɗa kuɗin sayensa.